Ƙullin Alkamar Baffa

Ni dai ban gaji haƙurin mahaifina ba. Kowa ya san wannan a Ƙofar Wambai, ni ma ban taɓa musu ba. Idan aka taka ni sai na rama ko bayan shekara shida ne, kuma shekara shidan ce cif na yi ina dakon ƙanen mahaifina, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda muke kira Baffa.

Baba manomin alkama ne. Gidanmu na cikin gari, gonar kuma tana fadamar Miri, can yake tafiya a kan kekensa duk lokacin noman rani. Gonar ba wata babba ba ce. Abin da ya sa aka san shi iri ne. A zaurenmu akwai wata ƙatuwar tukunya da sai mutum biyu ke iya ɗaga ta, a ciki yake ajiye irin alkama cakuɗe da toka, a liƙe bakin da laka. Da sanyi ya fara shigowa sai ya fasa lakar, ya share zaure, ya shimfiɗa tabarma, manoman Miri su yi ta zuwa da buhunansu. Ba ya sayarwa, ba ya kuma hanawa, domin a wurinsu iri ba abin hani ba ne ko ga wanda kuke gaba da shi. Yakan cika mudu har ya yi tozo, ya ƙara da tafi guda, ya ce, "Allah Ya sa albarka." Da girbi kuma kowa ya zaɓo damin da ya fi kyau a gonarsa ya kawo, a sussuke su tare a masussuka ɗaya, a mayar cikin tukunya. Haka ya tarar da kakanmu yana yi. Idan baƙo ya ce gidan mai iri yake nema, ba a tambayarsa wanne.

Aikina a nan shi ne shiƙa da tsinta, ina 'yar shekara goma sha bakwai. Saboda haka ina zauren ranar da Baffa ya zo rabon tsaraba bayan ya sauko daga aikin Hajji. Ga dabino, ga zamzam, ga tazbaha, ga kwalli, sai kuma ya ciro wani koren ƙyalle a ɗaure. Ya ce alkama ce irin wadda ake watsa wa tattabaru a can, ya sayo ta musamman don tukunyar gidansu ta sami tabarraki. Baba ya yi murna ƙwarai. Ya fasa lakar tun lokaci bai yi ba, Baffa ya naɗe hannun riga, ya zuba tafi biyu, ya cusa hannu har gwiwa yana juyawa yana addu'a, mu kuma muna amin.

Ni ce mafi kusa da ƙyallen, kuma hancina bai san kara ba. Na ce, "Baffa, alkamar nan fa tana wari, kamar kifi ya kwana."

Inna ta mintsine ni a cinya har sai da na zabura. Baffa ya yi dariya ya ce wa Baba, "Yaya, 'yar nan taka bakinta ya riga hankalinta fitowa." Aka yi dariya, aka wuce wurin. Sauran alkamar ya ƙulle a ƙyallen da hannunsa ya miƙa wa Inna, ya ce ta zuba a nata irin.

Inna tana da nata, ai. Fangali biyu Baba yake noma mata a gefen gona don alkakin da take yi na biki da suna. Irinta a gora take ajiyewa a ɗakinta, a turminta take sussukewa, ba ta yarda a haɗa mata da na maza, wai suna cika mata tsakuwa. Ƙullin Baffa kuwa ba ta zuba ba. Ta ce abin da ya fito daga can bai kamata a binne shi a ƙasa ba, ta jefa shi cikin wani gwangwani mai murfi, ta sa a ƙasan adakarta.

Shekarar farko ba abin da ya faru da za a kira abu. Baba ya ga 'yan zangarniyoyi nan da can waɗanda ƙwayarsu ta yi baƙi, ya cire waɗanda idonsa ya kai gare su ya yar. Nan ne nasa kuskuren, ba zan ɓoye ba don ubana ne. Ya bari aka sussuke sauran tare da dammunan mutane, aka mayar tukunya kamar kullum.

Shekara ta biyu ita ce wadda kowa ya zama manomin alkama, saboda an hana shigo da ta waje. Baffa a lokacin ya sami 'yan kwangiloli, ya tashi daga cikin gari ya koma wani gida a bakin GRA, ya fara sa hula yana karkatawa. Ya kama fili mai faɗi a Miri, ya zo da mota ya ɗebi iri daga tukunyarmu fiye da na mutum biyar. Alkama ta fito kore shar, kowa na ta lissafin buhuna a ransa. Da aka zo girbi sai aka ga abin da ba a taɓa gani ba. Burtuntuna mun san ta a dawa, amma a alkama ba mu san ta ba. Zangarniya tana nan kamar lafiyayya, ka murza ta a tafi sai ƙwayar ta fashe, ba komai a ciki sai baƙin gari kamar kunkunniya. A masussuka duk bugu ɗaya sai baƙin hayaƙi ya tashi, mutane suna tari suna toshe hanci, warin ruɓaɓɓen kifi ya cika fadama. Mai kyaun ma da ta saura ta sha baƙin, aka niƙa gari ya fito toka-toka, masu taliya da masu gurasa suka ce ko kyauta ba sa so. Ni dai da na shaƙi warin nan na gane shi.

Fangalin Inna biyu ne kaɗai suka fito fes a duk fadamar. Su ne kuma suka kashe mu.

Ban ga abin da idona ba, matar maƙwabcinmu ce ta ba mu labari daga bakin mijinta. Bayan sallar la'asar a masallacin Miri, gaban mai unguwa da dukan manoma, Baffa ya miƙe ya ce shi ba zai rufe gaskiya don 'yan'uwantaka ba. Ya ce yayansa ya san irin ruɓaɓɓe ne ya raba wa jama'a, mai kyaun ya ɓoye wa iyalinsa, wanda bai yarda ba ya je ya dubi fangali biyun nan. Aka kuwa je aka duba. Ranar Baba bai hawo kekensa ba, turo shi ya yi tun daga Miri har gida.

Na ɗauki gyalena zan fita, ya ce, "Ina za ki?"

"Gidan Baffa. Ai shi ya zuba mana abin, Baba. Na faɗa tun ranar, aka mintsine ni."

"Kin tabbata daga nan ne?"

Ba ni da wata shaida sai hancina.

"To ki riƙe bakinki. Ba za a ce 'yata ta ɗora wa tsarabar Hajji laifi ba. Shi kuma ƙanena ne, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Wallahi a ranar da za a ba ni wuƙa da na yanke hannun nan na yar, na kuma kwana lafiya.

Baba ya juye tukunyar ya ƙone abin da ke ciki, ya wanke ta, ya nemo sabon iri daga nesa ya zuba. Da sanyi ya shigo ya share zaure, ya shimfiɗa tabarma, ya ajiye mudu a gabansa. Kwana tara yana zama daga hantsi zuwa azahar. Ko mutum ɗaya bai zo ba. Waɗanda suka shekara ashirin suna ɗiba a wurinsa sai su bi ta bayan layi don kada su haɗa ido da shi. Ina leƙensa ta labule, duk motsin da ya ji a waje sai ya gyara zama. A rana ta goma ya kira ni muka kwashe irin, muka kife tukunyar. Bai sake noma ba, fangalin Inna ma ni na ci gaba da kula da su. Daga baya yanar ido ta rufe masa gani, sai ya zama daga ɗaki sai masallacin unguwa, a riƙe da sanda. Baffa kuwa yana zuwa gaisuwar Sallah da motarsa kamar bai yi komai ba, har yana kawo mana shinkafa, ni kuma ba na ci.

Da can aikin jinya nake so. Haushi ne ya kai ni makarantar koyon aikin gona, ba sha'awa ba. A shekarata ta biyu wani malami ya shigo aji da kwalba, ya ce kowa ya sunsuna ya miƙa gaba. Tana isowa hannuna na ji kamar an mayar da ni zaurenmu. Ya ce cutar dangin fumfuna ce, kuma a jikin iri take tafiya. Baƙin garin nan yakan manne wa lafiyayyar ƙwaya a masussuka ko a buhu, ya kwanta shiru. Ranar da ƙwayar ta tsira cikin ƙasa mai sanyi shi ma sai ya farka, ya shige cikin tsiron, ya yi ta hawa tare da shi ba a gani, sai an zo fitar da ƙwaya ya cinye cikinta. Ya ce tafi ɗaya ya isa ya ɓata 'yan zangarniyoyi bana, su kuma su ɓata gari guda baɗi, muddin ana sussuka wuri ɗaya. Maganinta kuma ba wuya: a nemi iri mai tsabta, a girgiza shi da jar hodar magani kafin shuka, a ƙone wadda ta kamu, a wanke buhuna.

Na ɗaga hannu na ce, "Malam, shi baƙin garin, shekara nawa yake yi bai mutu ba?"

Ya ce idan wurin a bushe yake, yakan daɗe, shekaru ma.

Saura kaɗan in rangaɗa guɗa a cikin aji.

Da na zo hutu na sa Inna ta buɗe adaka. Ƙullin na nan cikin gwangwaninsa yadda Baffa ya ɗaure shi. Ban kwance ba. Ta bayan ƙyallen na laluba na kama wata ƙwaya mai taushi, na matse, sai ga baƙi ya huda ƙyallen ya taɓa yatsana. Inna ta dafe ƙirji ta yi salati. Na ce yanzun nan zan kai wa Baffa. Ta ce, "Ke dai ba kya koyon komai. Ki kai masa ya ce ke kika zuba? Wa zai yarda da ke a kan Alhaji?" Gaskiya ta faɗa, na ji haushinta na kuma bi ta. Muka mayar da gwangwanin, na roƙe ta kada Baba ya ji.

Da na gama karatu aka ɗauke ni malamar gona, na nace sai da aka tura ni Miri. Alkamar can ba ta sake komawa daidai ba tun waccan shekarar, kowa na sayen iri inda ya samu, cutar na tafiya tana dawowa. Mazan ba su ɗauke ni da muhimmanci ba, ga ni mace, ga ni 'yar wanda suke zargi. Ban damu ba, ba don su na zo ba.

Wata Juma'a na ci ado na tafi gidan Baffa. Na durƙusa har ƙasa, na sa murya mai laushi wadda ni kaina ban san ina da ita ba. Na ce za mu yi gonar gwaji a Miri don koya wa manoma, ga shi Inna ta ajiye sauran tsarabar nan tasa ta Hajji ba a taɓa ba, muna so ya zo da kansa ya sa mana albarka. Kai, ku zo ku ga fara'a! Ya ce ashe dai na yi hankali. Ya ce a kawo mini lemo. Na sha, ina kallon haƙorin Makkansa ina cewa a raina, kifi na ganinka mai jar koma.

Na ja shukar da gangan har tsakiyar sanyi, abin da nake hana manoma yi, don na san cutar ta fi son ƙasa mai sanyi. Na gyara fangali uku a can ƙarshen fadama, nesa da gonar kowa. Ranar shuka mai unguwa ya zo, manoma kusan talatin suka taru, yawancinsu don su ga Alhaji ne. Na jera ƙorai uku, na zuba irin Inna daga goranta a kowacce a gaban idonsu. Sannan na miƙa wa Baffa koren ƙyallen da hannu biyu.

Ban roƙe shi ya ce komai ba. Na san shi, ba zai ga taro ya yi shiru ba. Ya ɗaga ƙullin sama ya ce, "Allahu Akbar! Kun ga wannan? Da hannuna na ƙulla shi, ga ɗaurina nan ba a taɓa ba. Daga can na ɗauko ta. Tafi biyu na zuba a tukunyar Yaya shekarar da na sauko, har gwiwar hannu na juya."

Na juya wurin mai unguwa na ce, "Ranka ya daɗe, ka ji ko?"

Ya ce, "Na ji mana, 'yata. Allah Ya ba shi lada."

Na ce amin. Ƙwaryar farko na sa aka shuka yadda take. Baffa ya kwance ƙullin ya raba shi cikin ta biyu da ta uku, ya juya da kansa. Ta uku na zuba mata jar hoda, na rufe da faifai na girgiza har kowace ƙwaya ta yi ja. Kowane fangali mutum daban ya shuka, mai unguwa ya kafa sanda a kan kowanne don kada a ce an sauya. Wani ya ce alkamar da ta shekara bakwai a ƙulle ai ba za ta tsira ba. Na ce ba tsirarta muke nema ba, abin da ta ɗauko muke nema. Suka ɗauka albarka nake nufi, na bar su a haka.

Wata uku da rabi na yi ban da kwanciyar rai. Idan garin nan ya mutu a gwangwani fa? To da kaina na tara jama'a na wanke Baffa, fangali uku su fito fes a ce albarkar tsarabarsa ce, sunan Baba kuma ya tabbata a ƙasa har ya koma ga Allah. Ga kuma ofis, da sun san cuta na shuka da gangan da sunan gwaji, da ranar zan ajiye aiki. Na rame har Inna ta fara jiƙa mini magani. Wata rana ina zuba wa Baba ruwan alwala ya ce, "Me kike shukawa a Miri?"

"Alkama, Baba."

"Alkama kaɗai?"

Na ce ruwan zai huce. Ya ci gaba da alwalarsa.

Da zangarniya ta fara nuna na lura na tsakiyar bai kai sauran tsayi ba, gashin zangarniyoyinsa kuma ya baje. Na tsinki ɗaya na matse. Na zauna a kan kunyar fangalin ni kaɗai na yi dariya har da hawaye, wani mai ban ruwa daga nesa ya tsaya yana kallona. Ban gaya wa kowa ba, ko Inna.

Ranar girbi taron ya fi na farko. Baffa ya zo da farar shadda, sabuwa dal. Al'ada ce babba ya fara murza zangarniya a tafi, ya hure ƙaiƙayi, ya ɗanɗana. Na ce, "Baffa, fara mana da na tsakiya, wanda ka sa wa hannu." Ya tsinko uku, ya yi bisimilla, ya murza da ƙarfi, ya hura. Baƙin ya tashi ya sauka a gemunsa da gaban rigarsa. Na kusa da shi suka ja da baya suna toshe hanci. Ya tsaya yana kallon tafinsa.

Da ya sami bakin magana sai ya ce, "Ai irin gidan Yaya ne. Na faɗa tun tuni."

Ashe har yanzu! Na ce, "Ranka ya daɗe mai unguwa, murza mana na farko." Ya murza, ƙwaya ta fito ja, ƙosasshiya, ya jefa a baki. Na ce a murza na uku. Shi ma fes. Aka yi ta tsinka ana murzawa, kowa na so ya gani da kansa. Sai da suka gama na buɗe baki, kuma ban rage murya ba.

Na ce, "Gora ɗaya irin nan ya fito, a gabanku. Na farko ba a sa masa komai ba, ga shi nan. Na biyu ƙullin Baffa aka zuba, ga shi a gemunsa. Na uku ma an zuba, magani ne ya tsare shi. Ba laifin ƙasa mai tsarki ba ne, a kasuwa ya saya, Allah kaɗai Ya san gonar da ta fito. Kun ji da kunnenku ya ce tafi biyu ya zuba a tukunyar ubana. Fangalin Inna da kuka je kuka duba kuka yanke hukunci, ba ɓoye su aka yi ba, ƙullin nan ne bai shiga goranta ba. Shekara shida ubana yana zaune a gida, waninku bai tako ya ce masa sannu ba."

Wani tsoho da ya fi kowa daɗewa yana ɗibar iri a gidanmu ya cire hula ya rufe fuska da ita. Baffa ya ce, "Wallahi ban sani ba."

Na ce, "Na yarda, Baffa. Ranar da ka zuba ba ka sani ba. Ranar da ka tsaya a ƙofar masallaci ka ce yayanka ya cuci jama'a da saninsa fa? Ita ma ba ka sani ba ka faɗa?"

Ya shiga kakkaɓe gaban rigarsa. Na sa aka yanke na tsakiyar da lauje dabam, aka tara a wurin aka cinna masa wuta tare da koren ƙyallen. Mai unguwa ya ce maganar da aka faɗa a ƙofar masallaci a can za a janye ta. Bayan la'asar Baffa ya miƙe da rigarsa mai baƙi-baƙi ya fara magana ƙasa-ƙasa. Ina tsaye a gindin wata bishiyar maina a tsallaken hanya, na ce, "Ba mu ji daga nan ba, Baffa!" Aka juyo ana kallona kamar na yi saɓo. Ya sake faɗa da ƙarfi. Daɗin da na ji a ranar ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar aurena.

Na iso gida ina haki na zayyana wa Baba komai, har da gemun. Na zaci zai yi hamdala. Sai ya ce, "A gaban mutane kika yi masa haka?"

"A gaban mutane ya yi maka."

"Ni ai yayansa ne." Ya juya fuska wajen bango. Sai can da dare na ji yana ce wa Inna a nemo wanda zai taimaka a tayar da tukunyar nan, a wanke ta da ruwan zafi.

Da sanyi ya sake zagayowa tukunya ta cika da irin Inna, wanda na girgiza da magani har ya yi ja. Na kafa doka: ba a ci, ba a ba kaji, ba a wankewa kafin shuka, kuma dami ba zai koma tukunya ba sai na duba gonar da ya fito. Baba ya zauna a tabarmarsa, ni ke awo tunda ba ya gani. Suka yi ta zuwa, wasu da goro, wasu da kunya kawai. Yana gane kowa da murya, yana tambayar iyalinsu ɗaya bayan ɗaya, kamar jiya suka rabu. Duk wanda ya zo sai in cika masa mudu ya yi tozo, in ƙara da tafi. A kwanakin nan har ƙiba Baba ya yi.

A rana ta shida da hantsi Baffa ya yi sallama. A ƙafa ya shigo layin, ya bar motar a bakin titi. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce, "Yaya, na zo neman iri."

Baba ya ce, "Madalla. Ba shi."

Iri ba a hana shi, na sani. Na cika mudu ya yi tozo. Sai na dubi Baffa cikin ido, na sa gefen hannuna na share bakin mudun, tozon ya zube cikin tukunya. Na juye masa a buhu. Mudu huɗu na auna, kowanne haka, ban ƙara ko ƙwaya ba. Akwai mutum uku a zauren suna jira, duk sun gani.

Na manta makaho da kunne yake gani. Baba ya ji zubar ƙwayar sau huɗu. Ya ce, "Mayar masa da tozonsa."

Na kama bakin buhun ina ɗaurewa.

"'Yar nan, da ke nake."

Tunda nake ban taɓa ƙin umarninsa ba, har shirun shekara shida na yi masa. Ranar na ƙi. Na tura wa Baffa buhunsa, ya saɓa a kafaɗa, ya sulale ya fice ba sallama, ba tare da ya ɗaga kai ba. Baba bai ji fitarsa ba. Ya rarrafo ya laluba bakin tukunyar, ya cusa hannu ya ɗebo tafi guda, ya miƙa wajen da ƙanensa ya durƙusa ɗazu, yana cewa, "Ungo, Alhaji. Allah Ya sa albarka." Jar ƙwayar na zuba ta tsakanin yatsunsa, ba kowa a inda ya miƙa.

Ban iya barinsa haka ba. Na matsa na tara hannuwana a ƙarƙashin nasa, ya juye mini. Sai ya riƙe yatsuna ya shafa su ɗaya-ɗaya. Ya ce, "Wannan ba hannunsa ba ne."

Bai sake ce mini komai a kan maganar ba. Kafin alkamar nan ta isa girbi ya rasu, aka cika layinmu da mutanen Miri har ba wurin tsayawa, Baffa ne ya shiga kabari ya karɓe shi. Tukunyar tana hannuna yanzu. Baffa ya yi shekara tara yana aiko da buhunsa kafin shi ma ya bi yayansa, kuma duk taran a share na auna masa. Ban yafe masa ba, ba zan yi ƙarya in ce na yafe ba. Tafin nan guda da Baba ya juye mini kuwa ban mayar tukunya ba, ban kuma kai wa mai shi ba. Na ƙulle shi a ƙyalle, yana cikin gwangwanin Inna a ƙasan adaka.